Malmalar Shitu

Ranar da Shitu ya ce zai koma aiki, sai da ya zagaya zariyar wandonsa sau biyu a ƙugu kafin wandon ya yarda ya tsaya. Matarsa Saude tana bakin murhu tana kallonsa ta wutsiyar ido. Mutumin da a da yake sungumar buhun masara ya hau katako da shi har cikin babbar motar roka yana waƙa, yau ga shi idanu sun faɗa, wuya ya yi tsawo.

Shekarar ce amai da gudawa ya shigo tare da damina, ya bi garuruwan nan gida-gida. A Karaye, da ɗakunan asibiti suka cika, sai aka buɗe ajujuwan wata firamare aka jera gadaje, aka rataye robobin ƙarin ruwa a ƙusoshin da ake rataye allo. Nan Shitu ya kwanta. Ya fito da ƙafarsa, amma ya ga waɗanda aka fitar a makara, kuma bai manta ba.

"Ka bari sai kasuwa mai zuwa mana, Malam," in ji Saude.

"Haka kika ce wancan makon."

"Kuma da ka ji maganata me ya same ka?"

"Babu. Amma ba zan zauna ina cin sadaka da ƙafafuna biyu ba."

Abin da yake nufi shi ne ƙullin masarar nan. Tun da ya kwanta, duk ranar kasuwar Rogo sai Halliru direban akori-kura ya tsaya a ƙofar gidansu da ke ƙauyen Daura ta ƙasar Karaye, ya miƙo ƙullin masara, wani lokacin har da ɗan wake, ya ce, "Daga rumfa," ya ja motarsa. Shitu ya ɗauka Alhajin da ke da rumfar hatsin ne yake fitar masa da sadaka. Yana godiya, amma tuwon ba ya yi masa daɗi, don ya san mai sadaka yakan gaji.

Da Saude ta ga ba zai fasa ba, sai ta shiga ɗaki ta fito da yankin sabulun sanda a ƙulle cikin leda, da wani ɗan langa mai murfi daga cikin kayan jerenta.

"Me malamin asibitin nan ya ce maka ranar da aka sallame ka?"

"Na ji, Saude."

"Faɗa mini in ji da kunnena."

"Ruwan wanke hannu ya zama mai zuba, ba wanda kowa ya tsoma ba. Da sabulu. Abinci kuma da zafinsa."

"To ni na ƙara da nawa. A zuba maka a langan nan, ka ci kai kaɗai." Ta juyo da baya don ya ga 'yar da ke goye, Hajo, wadda ba ta ma fara rarrafe ba. "Kai ka sha ƙarin ruwa ka tashi. Yarinyar nan ina za a sami jijiyar da za a soka mata allura? Ka yi mini alkawari."

Ya yi mata alkawari. Bai gaya mata cewa alkawarin nan yana iya cinye masa aikin gaba ɗaya ba.

Ga yadda abin yake. 'Yan dakon rumfar hatsi a Rogo ba sa karɓar kuɗi a hannun kowa. Dillali ko direba, duk wanda aka yi wa lodi ko sauke, Sarkin Dako yake ba, shi kuma ya jefa a jakar fatar da ke rataye a wuyansa. Da azahar Goggo Turai mai tuwo takan kawo musu babban akushi, malmala ɗaya kan kowane mutum, su kewaye shi su ci. Bayan la'asar a zazzage jaka a raba daidai. Ba a kiran suna, ba a rubuta komai. Wanda ya sa hannu a akushi yana da kaso, wanda bai sa ba ba shi da shi, ko da kuwa shi ya cika roka shi kaɗai. Wanda kuma aka daɗe ba a ga hannunsa a akushi ba, sai a sauke gammonsa daga ƙusa a ba wani gurbinsa, don kullum akwai samari a bakin rumfa suna jira.

Wannan shi ne abin da ya yi ta juyawa a ransa a bayan akori-kurar Halliru, tsakanin buhunan sabuwar gyaɗa da wasu awaki biyu, har suka shiga Rogo.

Kasuwar ta ci, amma ba cin da ya sani ba. Masu fura da nono sun ragu, mai tsire ya rufe tukubarsa. Shitu ya yi sallama a bakin rumfa, idonsa ya wuce kai tsaye zuwa ginshiƙin da ake rataye gammo. Da yake kowa ya ɗauki nasa yana aiki, guda ɗaya ne kawai a rataye, mai shuɗin ƙyalle. Na Ilu ne, wanda suke zama kafaɗa da kafaɗa a bakin akushi. Rana ɗaya cutar ta kama su, Ilu bai kai Karaye ba. Ƙusar da ke kusa da ita, ta Shitu, babu komai a jikinta.

An sauke, ya ce a ransa. Ko kuma sun ƙona shi don tsoron cuta.

"La'ilaha illallahu! Jama'a ku zo ku ga Bakanon da lahira ta ƙi karɓa!"

Jibo ne, Bazazzagen da ya zo daga wajen Maƙarfi shekarun baya ya zauna. Tun ranar da suka haɗu yake kiran Shitu bawansa, Shitu ma haka, kamar yadda Kanawa da Zage-zagi suka saba. Ya direr da buhun da ke kansa ya taho yana washe baki.

"Na san abin da ya dawo da kai," in ji Jibo. "An faɗa maka kuɗin likkafani ka ce ya yi tsada, sai an rage."

"Ce mini aka yi bawana ya lalace da ba na nan, shi ne na dawo in duba dukiyata." Shitu ya ƙare masa kallo. Jibo ya naɗe kansa da wani tsohon ƙyalle, gammon da ke ƙarƙashi ya yi tudu kamar an kifa tukunya, kuma wuyansa a karkace yake. "Me ya sami wuyanka kake kallon mutane kamar kaza ta hango shaho?"

"Matashin kai ne."

"Yaushe Bazazzage ya san matashin kai?"

Jibo ya cafke hannunsa ya girgiza da ƙarfi. Shi kaɗai ya yi haka. Sauran sun yi masa barka da arziki, sun tambayi iyali, amma kowa hannunsa na kan ƙirjinsa. Sulle, wani ƙato mai 'ya'ya da yawa, wanda ya binne ƙaramin ɗansa a makon da Ilu ya rasu, daga nesa ya ɗaga masa hannu. Shitu bai ji haushi ba. Shi ma da Jibo ya sake shi, sai da ya ji yana son ya taɓa ledar sabulun da ke aljihunsa.

Ya je ya durƙusa gaban Sarkin Dako, Baba Mijinyawa, wanda ya yi dakon gyaɗa a Kano tun yana saurayi, yanzu kuwa sai dai ya zauna kan dutsen sikeli yana nuni da sanda.

"Ranka ya daɗe, mun same ku lafiya? Ya haƙurin Ilu?"

"Haƙuri sai ma'aiki, Shitu. Ya ƙarfin jiki? Ya mai ɗakin naka da jinjira?"

"Suna gaishe ka."

Maganar gammo ta zo masa har leɓe, ya haɗiye ta. In amsar ita ce wadda yake tsoro, gara ya ji ta bayan ya yi gumi.

Buhun farko da aka ɗora masa, a kan hular kansa kawai, bai kai rabin katako ba gwiwoyinsa suka fara kaɗawa. Ƙasa ta yi masa nisa. Da ba don Jibo ya tallafo buhun ta baya yana cewa, "Wayyo, tsohuwa ta ɗauko kayan da suka fi ƙarfinta," da sun zubo tare.

"Ajiye," in ji Baba Mijinyawa. "Ɗauki basilla."

Haka ya wuni a gindin tarin buhuna yana ɗinke bakinsu, aikin da ake ba wanda ƙarfinsa ya ƙare. Daga inda yake zaune yana ganin Jibo yana sintiri tsakanin rumfa da mota. Kowa in ya kai buhu yakan tsaya ya sha iska a inuwar roka, Jibo kuwa da ya sauke sai ya juyo da sassarfa. Shitu ya ce a ransa, wannan bawan Allah ko aure zai ƙara ne.

Bayan an idar da azahar sai ga Goggo Turai, akushi a kai, ƙwaryar ruwa a hannu, buta a ɗaya hannun. Ta haura sittin, amma ba a taɓa jin ta yi magana a hankali ba.

"Ku matsa mini, 'yan banzan yara, wuyana zai karye! Au, Shitu? Kai ne ka zama haka kamar karan dawa? Sannu, ɗan nan, sannu. Allah Ya sa kaffara ne."

Ta dire akushin, ta ajiye ƙwaryar ruwan a gefe kamar kullum. Baba Mijinyawa ya fara tsoma hannu ya cuɗa ya yarfe, na kusa da shi ya ja ƙwaryar ya tsoma. Kafin ta zagayo rabin da'irar ruwan ya koma kalar ƙasa, ga ƙaiƙayi yana yawo a sama. Shekara nawa Shitu yana tsoma hannunsa a ruwan nan bai taɓa kallonsa ba. Yau da ya kalla, sai ya ga bokitan da ke ƙarƙashin gadajen firamare.

Ƙwaryar ta iso gabansa. Bai motsa ba.

Sulle ne ya fara magana, bai ɗaga kai ba. "Sarki, a yi mini afuwa. Ni ba ni da komai da Shitu, ɗan'uwana ne. Amma in ya sa hannu a akushin nan, ni na ƙoshi. Na binne ɗaya, ba zan kai wa sauran ba."

Shitu ya sa hannu a jakarsa ya fito da langan da ledar sabulun ya ajiye a gabansa.

"Ka kwantar da hankalinka, Sulle. Ni ma ba zan tsoma hannu a ruwan nan ba. Goggo, don Allah ki ɗebar mini nawa a nan."

Da ya san yadda maganar za ta sauka, da ya sake mata tsari. Wani daga gefe ya ce, "Au, mu ne ƙazaman ke nan?" Wani ya ce, "Ya je Karaye ya kwana a aji, ya dawo likita." Har Sulle da ya ce ba zai ci da shi ba, sai da ya ɗago yana hararar langan.

Baba Mijinyawa ya buga sandarsa a ƙasa sau ɗaya.

"Shitu, mayar da kwanon nan."

"Ranka ya daɗe, alkawari na yi."

"Tun ina saurayi nake ganin irin akushin nan. Ranar da kowa ya zo da kwanonsa, washegari kowa zai zo da jakarsa, mai ƙarfi ya kwashe lodi, irinka mai basilla ya tafi gida hannu wofi. Akushin nan shi ya sa yau kake da abin zama a nan. Ka san ƙa'ida. Hannu a ciki, kaso. Babu hannu, babu kaso."

"Na sani, Baba," in ji Shitu. "Amma ni na kwanta a wurin nan, ku ba ku kwanta ba. Na ga an kawo mutum da safe yana magana, kafin la'asar fatar hannunsa in ka ja ba ta komawa. Na ga an nemi jijiya a jikin yaro an rasa. Ni da Ilu ruwa ɗaya muka tsoma hannu, gefe ɗaya muka ci. Ban ce daga nan muka ɗauka ba, Allah ne Masani. Amma ina da jinjira a gida, kuma da hannun nan zan ɗauke ta."

Tururin tuwo yana ta fita ta gefen faifan da aka rufe akushin da shi.

Shitu ya mayar da murfin langan ya miƙe. "Dama na ga an sauke gammona. Ban yi fushi ba, na daɗe ba na nan. A ba ni abina in tafi da shi, in ba a ƙona ba. A kuma yi mini godiya wurin Alhaji, masarar da yake aiko mini ta rufa mana asiri."

"Wane Alhajin?" Goggo Turai ce, ta riƙe ƙugu. "Wane Alhajin ne ya aika maka da masara? Wannan da ko ƙaiƙayi ya zube sai ya sa an share masa?"

"Goggo," in ji Jibo, "tuwo zai huce."

"Rufe mini baki, kai da ka ƙarar mini da miya! Ni ban rantse wa kowa ba, su suka rantse." Ta juyo wurin Shitu. "Tun ranar da aka ɗauke ka ban rage malmala ko ɗaya ba sai ta Ilu. Taka kullum tana ciki. Wannan Bazazzagen ne yake cinye ta bayan ya gama da tasa, har da neman ƙarin miya wai kai mai son miya ne."

Shitu ya dubi Jibo, ya dubi Baba Mijinyawa. Bai gane ba.

Tsohon ya gyara zama. "Ku yaran yanzu ba ku taɓa gani ba, don ba a cika samun mai yi ba. Aron hannu ake ce masa. In mutum ya kwanta, wani yana iya sa hannu a akushi a madadinsa. Amma wanda ya ci malmalar mutum, shi zai ɗauki buhunan mutumin, bayan nasa. In ya gaza ko sau ɗaya, an sauke gammo. Ni kaina sau ɗaya na gani, a Kano. Ban san inda wannan ya ji labarin ba, sai ganinsa na yi ya durƙusa a gabana." Ya nuna Jibo da sanda. "Kwance ƙyallen nan."

Jibo ya yi ta gunaguni, amma ya kwance. Gammo biyu ne a kansa, ɗaya kan ɗaya. Na ƙasan, wanda gumi ya rine ya lotse a gefe guda, Shitu ya san shi kamar tafin hannunsa, don da tsohon zanen Saude aka naɗa shi. A bayan wuyan Jibo kuwa fata ta saɓule ta warke ta sake saɓulewa.

"Masarar nan ba sadaka ba ce," in ji Baba Mijinyawa. "Kasonka ne. Haƙƙinka ne, an yi masa gumi. Shi yake karɓa ya auno ya ba Halliru."

Shitu ya dubi wuyan Jibo. Sai ya koma ya zauna a inda ya tashi.

"Kada ka soma yi mini kuka a nan," in ji Jibo, yana kallon wani wuri. "Wa ya ce don kai na yi? In bawa ya mutu asarar ubangidansa ce. Kuma na ce kada a faɗa ne don kada a ji a Zariya cewa na yi wa Bakano dako, a hana ni auren 'yar mutunci." Ya juya wurin tsohon. "Sarki, magana ta ƙare. Ya ci a kwanonsa, ni in ci gaba da sa masa hannu. Wuyan nawa ne."

Shitu ya girgiza kai. "A'a. Wallahi a'a." Ya share fuska da hannun riga. "In zauna ina kallo kana tsoma hannu a ruwan nan saboda ni, kana hawa katako sau biyu? In ka faɗi fa, wa zai ara maka hannu, ni da ko buhu ɗaya ban iya kaiwa ba?"

Ya ɗauki langan ya juya shi a hannunsa. Na Saude ne, kuma ya yi alkawari. Amma ya tuna abin da malamin asibitin ya lissafa masa, babu kwano a ciki. Ya tura langan gaban Baba Mijinyawa.

"Baba, na bar kwano. Zan sa hannu a akushi tare da kowa, in tuwon da zafinsa. Abu ɗaya nake roƙo. Ƙwaryar nan."

Tsohon ya dubi ƙwaryar, ya daɗe yana kallon ruwan da ke ciki. Kafin ya ce komai Goggo Turai ta sunkuya ta ɗauke ta, ta taka zuwa bakin kwata ta watsar.

"Akushi naku ne, ƙwarya tawa ce," in ji ta. "Na gaji da wanke ta ma. Jikokina uku a gida, kuma hannun nan da nake wanke akushinku da shi nake ba su abinci." Ta warware ledar sabulun ta jefa shi cikin langan, ta ɗauki buta. "Sarki, kai ne babba. Miƙo."

Kowa ya zuba wa Baba Mijinyawa ido. Tsohon ya jingine sandarsa, ya naɗe hannun rigarsa, ya miƙa hannuwa biyu kamar yaron da za a yi wa wanka.

"A zuba a hankali," in ji shi. "Ruwan ma da kuɗi ake sayensa."

Aka bi layi. Buta ta ƙare aka sake cikowa daga randar masallaci, Goggo Turai tana tsaye a kansu tana faɗa. "Tsakanin yatsu, kai! Wannan farcen naka ko na ungulu! Cuɗa, ba shafa ba!" Sabulun da Saude ta yanko don mutum ɗaya ya zama kamar ɓawon gyaɗa kafin a kai ƙarshe.

Saura Sulle. Ya wanke, ya zauna, amma hannunsa na kan gwiwa, yana kallon gefen da Shitu yake. Jibo ya matso ya zauna a gurbin Ilu, kafaɗarsa na gugar ta Shitu, ya yaye faifan. Tururi ya tashi. Tuwon masara ne da miyar ɗanyar kuɓewa.

"Sulle," in ji Jibo, "ni na ci malmalar mutumin nan tun yana kwance rai a hannun Allah, ga ni ban mutu ba, sai ƙiba. Yanzu da ya warke ya fi ka wanke hannu kake tsoronsa? Bismillah, bawana. Ci daga nan, ni ma daga nan zan ci."

Shitu ya yi bisimilla ya gutsuro. Tuwon ya ƙona masa yatsu, bai taɓa jin daɗin ƙuna irin wannan ba. Jibo ya gutsura daga daidai inda ya gutsura. Can sai Sulle ya miƙo hannu daga ɗaya gefen, ya kai loma, ya tauna.

"Warin sabulu yake yi," in ji shi.

"To bar shi mana," in ji Goggo Turai.

Bai bari ba.

Bayan la'asar aka zazzage jaka, aka ajiye wa Shitu nasa a gabansa daidai da na kowa, shi da ya wuni da basilla. Ya tura wa Jibo rabi, Jibo ya turo masa da ƙafa ya ce shi ba ya karɓar kyautar bayi. Ya nemi gammonsa, nan ma Jibo ya hana.

"Sai ranar da ka hau katako ba ka yi rawar 'yan bori ba. Kafin nan, manyan buhuna nawa ne, kai ka ji da ɗinki."

"Wuyanka fa?"

"Ka kawo mini matashin kai daga Karaye, tunda kun fi mu sani."

Goggo Turai kuwa ta ɗaure langan da igiya ta rataye shi a ƙusar Shitu, ɗan guntun sabulun na ciki, kusa da shuɗin gammon Ilu. Ta ce daga yau duk ranar kasuwa a cire kuɗin sabulu daga jaka kafin a raba, Baba Mijinyawa ya ce ita ta zama Sarkin Dako ke nan, ta ce da ta zama da tuni sun yi hankali.

Rana ba ta faɗi ba Halliru ya sauke shi a ƙofar gida. Saude tana tsakar gida tana tankaɗe, Hajo na kan tabarma tana wasa da ƙafarta. Ta duba hannunsa, ta duba jakarsa.

"Ina langana?"

"Ya sami aiki a Rogo."

"Malam, ba wasa nake ba. A ina ka ci abinci?"

"A akushi. Tsaya, kada ki tashi hankalinki, zan gaya miki duka. Fara zuba mini ruwa tukuna."

Ta ɗauko buta da sauran sabulun, fuskarta a ɗaure, ta zuba masa yana cuɗawa yana ba ta labari, tun daga ƙusa har zuwa wuyan Jibo. Da ya zo kan masarar sai ruwan ya tsaya. Ya ɗaga kai ya ga ta juya tana kallon ƙullin da ke jingine a bakin ɗaki, wanda ta ɗebi garin tuwon daren nan daga ciki.

Ya yarfe hannu ya ɗauki Hajo ya ɗora ta a kafaɗa.

"Ranar kasuwa ki tashi da wuri," in ji shi. "Dambu nake so ki yi, mai yawa, da zogale da man gyaɗa. Kuma tsohon matashin nan na ɗaki, ki sake masa riga."

"Na wa?"

"Na wani Bazazzage ne. Ki cika masa yaji, don ya sami abin zagina."